Huhun Gwaggo Hansai

Wani mafarki na yi jiya da dare, kuma tun kafin in faɗe shi ina roƙon duk wanda zai ce tuwon dare ne ya yi min yawa ya riƙe bakinsa. Ban ci tuwo ba. Kunu na sha, shi ma rabin kofi, don ƙirjina bai bar ni ba.

Ga abin da na kwanta da shi a raina. Ranar Asabar za a kai Barira ɗakin mijinta. Barira 'yar ƙanena Haladu ce, mai sayar da goro, Allah ya ji ƙansa. Tana rarrafe ya rasu, ni na riƙe ta. A unguwarmu kuwa, tun ina da ƙuruciya, duk yarinyar da za a kai ɗaki ni Hansai nake yi mata guɗa. Ba yabon kai ba, in na toshe hanci na saki murya sai an ji ta a bayan gari. To bana fuka ta kama ni. Daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai na tsaya na huta, ƙirjina yana kuka kamar 'ya'yan kyanwa. Na ɓuya a bayan gida na gwada guɗar, abin da ya fito tari ne. Shi ne jiya da yamma na jiyo matan gida suna shawara ƙasa-ƙasa, wai mai kiɗan biki yana da guɗa a cikin na'urarsa, maɓalli kawai zai danna. Guɗar maɓalli a bikin Barira, ina raye. Raina ya ɓaci ƙwarai, na shige ɗaki ban ce wa kowa sai da safe ba.

Ita Barirar aikinta gyaran na'urorin numfashi ne a asibiti, shi kuma angon gilashin tabarau yake yankawa. In suka zauna zance ba abin da kake ji sai sabbin abubuwan da aka ƙirƙiro, wannan na hura iska a huhu, wancan na leƙa cikin ido. Ina jin su suka cika min kunne.

A mafarkin, na tsinci kaina a bakin wani ofishi da rana tsaka. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tasowa yana tafiya sama. Mata sun riƙe bakin zannuwansu, maza sun ɗaure hulunansu da igiya a haɓa. Ban yi mamaki ba. Na dai kama zanena na shiga.

Wata akuya ce a bayan tebur, da tabarau a hanci, tana tauna wani abu a natse. Na yi sallama ta amsa.

"Me ke tafe da ke, baiwar Allah?"

"Malama, huhuna ne ya lalace."

"Fari ne ko ja?"

"Ban taɓa ganinsa ba."

Ta daina taunar. "Huhu guda kina ɗauke da shi, ba ki taɓa kwancewa kin duba ba? Na bana ne ko na bara?"

"Da shi aka haife ni."

"Daushe ke nan," in ji ta, ta miƙe tsaye don girmamawa.

Da jin daushe, wato tsohon goro, sai na gane huhun goro take nufi, irin ƙunshin nan da ake naɗe goro a ciki da ganye da algarara. Na ce, "Malama, ba na goro ba, na ƙirji nake nufi, wanda ake numfashi da shi."

"Nan garin Gicciye ne," in ji akuyar. "A wurinmu duk abin da suna ya haɗa abu ɗaya ne. Da ba ɗaya ba ne ai da an raba musu suna."

Na so in yi gardama, don ni ba a bari na da magana a baki, amma na tuna abin da ya kawo ni. Na gaya mata zancen Barira da Asabar da mai maɓalli. Ta saurara da kyau, har ta girgiza gemu da na zo wurin maɓallin.

"Ba a gyara abin da ba a gani ba," ta ce. "Sai ki fara da Hawainiya."

Ban taka ko'ina ba. Ƙofar ce ta taho ta wuce ta kaina.

Shagon Hawainiya cike yake da tabarau, an rataye su jere-jere daga rufi har ƙasa. Ita tana kan kantar shagon, ido ɗaya a kaina, ɗayan yana sallamar wani mutum da ya zo jiya. Magana take a hankali, sai ka yi zaton ta manta da ita sannan ta ƙarasa.

"Duk nan... ni na ƙirƙiro su. Wannan na 'yan sa-ido ne. Duk inda mutum ya kalla, tsakar gidansu yake gani."

"Ki ajiye min guda biyar in kai tsaraba," na ce.

"Wannan na surukai ne. In kika haɗu da surukinki a hanya, shi zai sunkuyar da ido a madadinki, ke ki ci gaba da tafiya ba tuntuɓe. Wancan dogon na hangen nesa ne. Da shi ake ganin baƙo tun yana gidansu yana shawarar zuwa, sai a ƙara wa miya ruwa."

"Wannan mai kaurin fa?"

"Na ganin ƙananan abubuwa ne ƙwarai. Ƙwayoyin cuta, da naman miyar gidan biki."

Na yi dariya har sai da tari ya sarƙe ni. Na ɗauki wannan na ajiye, na ɗauki wancan na ajiye, kowanne na gani sai in ji shi nake so. Hawainiya ta juyo da idon nan na biyu kaina, ga alama ta gama da mutumin jiya.

"Ruwan ido ne ya kama ki. Zauna a tsiyaye shi."

Ta kifa min tasa a saman kai, ta murɗa wani ɗan famfo a gefen idona wanda ban san ina da shi ba. Ruwa ya riƙa fita yana hawa sama yana taruwa a cikin tasar. Bai fi cikin ludayi ba. Tana rufe famfon na miƙa hannu kai tsaye na ɗauko wani tabarau baƙi marar ado, ko waiwayar sauran ban yi ba.

"Kin zaɓi naki," in ji ta. "Na ganin numfashi ne."

"Me ya haɗa tabarau da numfashi?"

"A kan me yake zama?"

"A kan hanci."

"To."

Na saka shi. Nan take na ga kowa da zare yana fita daga hancinsa. Na Hawainiya yana sauya launi. Na mutanen da ke wucewa a titi dogaye ne, wani har tsuntsaye sun sauka a kan nasa yana tafe da su bai sani ba. Wata mai goyo ta wuce, na jaririn siriri ne fari ya nannaɗe a jikin na uwar. Abin gwanin sha'awa, na daɗe ban ga abin da ya burge ni haka ba. Sannan na duba nawa. Guntu ne, baƙi-baƙi, kamar lagwanin tsohuwar fitila, ko haɓata bai kai ba. Na ji tausayin kaina.

"Da wannan kike son yin guɗa?" in ji Hawainiya.

"Da shi."

"Je ki wurin Injiniya."

Injiniya kwaɗo ne, ma'aikatarsa kuma a cikin wata ƙatuwar randa take, da sanyi mai daɗi. Yana sanye da farar riga wadda ba ta rufe masa maƙogwaro ba, saboda kumburin da yake yi in zai yi magana. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya ce kafin komai sai na sha iska.

Na zaci fita za mu yi. Ashe kofi ya miƙo min. A gefe mutane ne zaune a kan benci, kowa da kofinsa, suna kurɓa suna hira.

"Wacce za a zuba miki? Akwai ta asuba, akwai ta bakin kogi, akwai ta ruwan farko mai ƙamshin ƙasa."

"Zuba min ta ruwan farko."

Ya karkata wata gora a kan kofin, ban ga komai ya zuba ba, amma kofin ya yi nauyi. Na kurɓa. Wallahi har tafin ƙafata na ji sanyinta. Na shanye na miƙa aka ƙara, ban ji kunya ba.

Ya zaga da ni yana nuna min ayyukansa. Ga wani gado da aka haɗa masa zuga-zugi irin na maƙera, wani tsoho yana kwance a kai yana barci, zuga-zugin yana yi masa numfashi.

"Ba shi da lafiya ne?" na tambaya.

"Lafiyarsa ƙalau. Ƙirjinsa ne yake hutun ƙarshen mako. Tun da aka haife shi bai taɓa samu ba."

Ga wata tukunyar surace da ke fitar da tururi ba wuta, tana yi wa yara waƙa don kada su ture ta. Ga 'yan kwalaben shaƙa ƙanana da ake sakawa a aljihu, waɗanda in mai su ya manta da su a gida suke biyo shi da gudu. Na ce wannan kam da Barira ta gani da ta huta da yi min faɗa.

Daga nan ya zaunar da ni, ya ɗora min bakin mazurari a ƙirji, ya saka tsinin a kunnensa. Ya daɗe yana saurare.

"Ana taro a ciki," ya ce. "Kuma ba a buɗe taga ba."

"Za ka iya gyarawa kafin Asabar?"

"Ina da abin da ya fi gyara sauƙi."

Ya ɗauko wani ɗan ƙarfe mai sheƙi, bai fi ƙwayar dabino ba, ya maƙala shi a tsakiyar tabarauna. Ya ce sabuwar ƙirƙira ce, ko suna ba a raɗa mata ba. Ita za ta matse hancin, ita za ta yi guɗar, ni buɗe baki kawai zan yi don mutane su zaci ni ce. Ya taɓa ta. Guɗa ta tashi a cikin randar nan, doguwa, mai zaƙi, ba gargada ko ɗaya. Masu shan iska suka ajiye kofuna suna tafi. Gaskiya ta yi daɗi, kuma daɗin nata ne ya fi ba ni haushi.

Na ce, "Injiniya, abar nan ta san Barira?"

"A'a."

"Tana nan lokacin da ta yi ƙyanda?"

"Ba a ƙera ta ba a lokacin."

"To cire min ita daga hanci tun muna shaida juna. Da wannan da ta mai maɓalli duk jirgi ɗaya ya kwaso su."

Bai ji haushi ba, kwaɗo ne mai haƙuri. Ya cire abarsa ya goge ya mayar aljihu.

"Gwaggo, mu iska muke turawa. In huhu a ɗaure yake tamau, ko guguwa muka tura ba za ta shiga ba. Kwance huhu kuwa aikin 'yan goro ne. Amma kafin ki tafi ki karɓi ajiyarki."

"Ban ba ka ajiyar komai ba."

"Ajiyar zuciya. Duk wadda aka yi a duniya nan take zuwa. Ajiya ce ai, ba kyauta ba."

Ya shiga ciki ya fito yana jan wani tulu da igiya, an toshe bakinsa da tsumma. Tulun ba a ƙasa yake ba, a sama yake yana lilo. Ya ce nawa ne tun daga ƙuruciya, kuma yana cikin manyan da suke da su. Na kama igiyar na ja shi a baya kamar ragon layya.

Sai ga ni a kasuwar goro. Rumfuna ne a jere, ƙamshin ɗanyen ganye ya cika ko'ina. A rumfar ƙarshe wani mutum yana zaune a kan tabarma ya tanƙwashe ƙafa, hularsa a karkace, haƙoransa jajaye. Haladu ne. Yana nan yadda ya tafi, ko furfura ɗaya babu, ni kuwa na tsufa na bar shi.

"Yaya, sannu da zuwa. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Haladu, dama nan kake?"

"Nan nake. Kasuwa ba laifi." Ya matsa min gefen tabarma. "Ya 'yar tawa?"

"Asabar za a kai ta."

"Na ji. Mai tabarau."

"Yaron kirki ne, sai dai surutu."

"To ai ta saba, a hannunki ta tashi."

Na kai masa duka a kafaɗa kamar yadda nake yi muna yara, ya kauce yana dariya. Na ɗaure igiyar tulun a jikin turken rumfa na zauna. Daɗi ya cika ni har na rasa abin da zan fara tambayarsa, shi kuma bai ba ni dama ba.

"Kawo huhun mu gani."

Na saka hannu a ƙarƙashin mayafina na ciro shi. Ba zafi, ba jini. Ashe akuyar nan ta fi ni gaskiya: huhu ne sosai, da algarararsa da igiyarsa, an ɗaure shi ta ko'ina har igiyar ta nutse. Haladu ya juya shi ya yi tsaki.

"Wa ya yi wannan ɗaurin?"

"Ni mana, wa zai yi min?"

"Yaya, 'yar gidan goro guda. Goro ma numfashi yake yi. In aka matse shi haka zufa zai yi ya lalace. Kuma yaushe rabon da a sauya masa ganye?"

"Ina na ga lokaci? Ka tafi ka bar ni da yarinya."

Ya sa haƙori ya kwance ƙullin. Ganyen ciki duk ya bushe, yana taɓawa yana marmashewa. Ya ari tabarauna ya saka, ya baje goron a kan faifai ya shiga tsincewa, yadda na sha ganinsa yana yi da safe a zauren gidanmu, yana ɗaga kowanne yana juyawa. Ya ce yawanci lafiyayyu ne, manya-manya, irin waɗanda ake kai wa ɗaurin aure. Na ji daɗin wannan magana, na gyara zama.

Ya ware waɗansu baƙaƙe gefe guda ya shinshina. "Hayaƙi."

"Na icen tuyar waina ne. Da ita Barira ta yi makaranta."

"Sun gama aikinsu," ya ce, ya watsa su bayan rumfa, suka tashi sama tare da ruwan.

Can ƙasa ya ciro wani babba, ja wur, mai tauri. Ya auna shi a tafin hannu.

"Wannan fa? Shi ya tokare sauran."

Na gane shi. Na ce, "Kukan da ban yi ba ne ranar da aka fita da kai. Yarinya tana bayana, na ji tsoron kada ta firgita, sai na haɗiye."

Haladu ya sa farce ya ɓare shi biyu, ya miƙo min ɓari ya jefa ɓari a bakinsa. Muka zauna muna tauna. Da ɗaci da farko, ɗaci sosai, daga baya kuma sai gardi ya biyo. Na yi kuka kaɗan, hawayen suna tashi sama suna wucewa ta rufin rumfa, amma ba na baƙin ciki ba ne. Rabon da in ci goro da ƙanena har na manta.

"Ba laifi goron nan," in ji shi. "Ya daɗe a ajiye shi ya sa."

Ya shimfiɗa sabon ganye kore shar, ya jera goron a kai, ya miƙa shi waje ya kife shi kaɗan ruwan da ke tasowa ya yayyafa masa. Sannan ya jawo tulun ya zare tsumman. Ajiyar zuciyata ta riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya tana shiga tsakanin goron, kowacce da sautinta. Yana ji yana tambaya.

"Wannan doguwar fa?"

"Ranar da zazzaɓinta ya sauka."

"Wannan?"

"Ranar da ta kwance rediyon maƙwabta don ta ga mai maganar."

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Da tulun ya ƙare ya naɗe huhun, ya ɗaure shi sakwa-sakwa yadda yatsa zai shiga, ya miƙo min tare da tabarauna. Na mayar da shi inda yake. Na ja numfashi.

Jama'a, ashe haka iska take. Ta shiga ta yi ta shiga, ba wanda ya tare ta a hanya. Na duba ta cikin tabarau, zarena ya fita fari tas, ya wuce bakin rumfa, ya tsallaka layin masu ganye, ya yi gaba. Kafin in ankara wata mata ta shanya zaninta a kai.

"Baiwar Allah, numfashina ne fa," na ce mata.

"Yi haƙuri, yanzu zai bushe."

Na bar ta, don ranar ko me aka yi min ba zan yi faɗa ba. Na miƙe na ce wa Haladu ya tashi mu tafi, kada a kai yarinya ba mu. Ya girgiza kai yana kakkaɓe faifai.

"Ni iyakata bakin kasuwa, Yaya. Amma in kika ɗaga ta sosai zan ji."

Sai ga Asabar ta zo, ban ga wucewar sauran kwanakin ba. A Gicciye ba a kai amarya ɗaki, ɗakin ake kawo mata. Barira tana zaune a tsakiyar fili a lulluɓe, mata sun kewaye ta, can kuma ga ɗakin tafe a kan mutane, da labulensa da gadonsa da jeren kwanukansa, angon yana leƙowa ta taga yana gaisawa da jama'a. Akuyar ofis tana cikin 'yan anko. Mai kiɗan jaki ne, an ɗora masa lasifikoki hagu da dama, ya ɗaga kofato ɗaya a saman maɓalli yana jira.

Aka sauke ɗakin a gaban amarya. Fili ya yi tsit. Wannan ne lokacin, duk wanda ya taɓa zuwa biki ya san shi.

Akuyar ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya. "Gwaggo, ko a danna?"

"A danna wa?"

Bakina ne kawai ya faɗi haka. Na ji tsoro ƙwarai. In na buɗe baki tari ya fito fa, a gaban dangin ango, a gaban yarinyar nan, Haladu kuma yana can ya kasa kunne? Jakin ya ƙara sauke kofatonsa kaɗan.

Sai Barira ta ɗaga gefen lulluɓinta ta dube ni da ido ɗaya. Haka take kallona tun tana ƙarama in ta san zan iya abu ina ja da baya.

Na tura tabarau sama, na kama hancina da yatsu biyu, na cika ƙirji na saki.

Ayyiriri ta fita kamar ba ta taɓa tafiya ko'ina ba. Tawa ce, da ɗan karkarwar nan da take yi a tsakiya wadda ba wanda ya taɓa iya kwaikwaya. Ruwan da ke hawa sama ya tsaya cak a inda yake. Kwanukan jere suka ɗauki amo. Jakin ya mayar da kofatonsa ƙasa ya sunkuyar da kai. Ina yi ina kallon zaren yana tafiya, ya haye kan ɗakin, ya haye rufin gidaje, ya miƙe ya nufi kasuwa har na daina hango ƙarshensa, kuma iskar ba ta ƙare ba. Mata suka ɗauka suna taya ni. Barira tana dariya a cikin lulluɓi, kafaɗunta suna rawa. Ina cikin haka na ji an ɗan ja zaren daga can ɗaya bakin, a hankali, yadda mutum yake taɓa ka ya ce na ji.

Ƙarar buta ce ta tashe ni, ta faɗi a kan siminti tana gangarawa. Gari ya fara wayewa. Ina kwance a kan gadona, yatsuna biyu a kan hanci. Barira tana tsaye a bakin ƙofa ta ɗaga labule, ruwan alwala yana ɗiga daga hannuwanta.

"Gwaggo, ke ce?"

"Ni ce me?"

"Guɗa. Daga ɗakin nan ta fito."

Na tashi zaune. Ƙirjina yana nan da ɗan kukansa, ba zan yi ƙarya ba, amma da sauƙi. Na ce, "Doguwa ce?"

"Ba ta kai ta da ba," in ji ta, don yarinyar nan ba ta iya daɗin baki ba. "Amma taki ce."

Ta bayan katanga muka jiyo muryar maƙwabciyarmu tana cewa, "Hansai, lafiya? Haihuwa aka yi, ko bikin ne aka dawo da shi yau?"

Barira ta ƙaraso ta durƙusa ta kifa kanta a cinyata, tana dariya tana kuka, duk ta jiƙa min zane. "Gwaggo, don Allah ki rage min ta Asabar."

Na dafa kanta na ce ta tashi ta ɗauki butarta kada rana ta fito ba ta yi salla ba, wannan gwaji ne kawai na yi.